Addu'ar taro a kan mai ciwon daji: yadda za ku tsaya mata ba tare da kun gajiyar da ita ba

Wata 'yar'uwa daga kudancin Kaduna ta rubuto mana cewa:

"Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Ina cikin Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu. Aminiyata, wadda muka fi shekara goma muna waƙa tare, likitoci sun tabbatar tana da sankarar mama. An yi mata aiki, yanzu ta karɓi allurar kemo sau biyu cikin shida da aka rubuta mata. Ranar Lahadi mu kusan talatin muka je gidanta, muka yi waƙa da addu'a kusan awa uku. Washegari maigidanta ya ce kwana ta yi tana amai da ciwon kai, kuma ta yi kuka da ta ga hotonta yana yawo a WhatsApp. Wata mama a cikinmu ta ce ta bar allurar asibiti ta shiga azumin kwana bakwai, wai komawa asibiti rashin bangaskiya ne. Wata kuma ta ce a bincika, ko dai zunubi ne ko hannun maƙiya. Yanzu ba ta ɗaukar wayar kowa. Kuskure muka yi? Mu daina zuwa ne? Yaya za mu yi addu'ar da za ta taimake ta?"

'Yar'uwa, salama a gare ki, sannunku kuma da jinya. Kada ku daina. Ƙauna ce ta kai ku gidan nan, ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne. Inda aka samu tangarɗa shi ne yawan mutane, da tsawon zaman, da hoton da aka ɗauka, da maganganu biyun nan da aka yaɓa mata tana kwance. Dukansu suna gyaruwa, amma gyaran daga neman gafara zai fara, kuma ke ce za ki fara shi tun da ke ce aminiya.

Tura mata gajeren saƙo wanda ba ya neman amsa: "Mun gajiyar da ke ranar Lahadi, an kuma ɗauki hotonki ba da izininki ba. Ki gafarce mu. Ba wanda zai sake zuwa sai kin ce a zo. Ina nan." Ki sa wadda ta ɗauki hoton ta goge shi, mai kula da zauren WhatsApp ɗin kuma ta roƙi kowa ya goge nasa. Bayan kwana biyu ko uku sai ki tambayi maigidanta ko za ki iya leƙawa ke kaɗai. In ta yarda, tambaya uku za ki yi mata, ki rubuta amsar: su wa take so su san halin da take ciki, me take so a roƙa mata, su wa take so su riƙa shigowa ɗakinta. Dubi Yakubu 5:14 da kyau. Marar lafiyar ne aka ce ya kira dattawan ikkilisiya. Kiran a bakinsa yake. Macen da aka yanke wa nono, gashin kanta kuma yake zuba, an riga an karɓe mata abubuwa da yawa. Kada a karɓe mata har ikon cewa wa zai gan ta.

Daga nan ku zaɓi mutum ɗaya tak da labari zai riƙa fita ta bakinta. Abin da mai jikin ta yarda a faɗa shi kaɗai za a faɗa. "Roƙon addu'a" da ake kawo shi da sunan cutar, da sashen jikin da aka yanka, da kuɗin da aka kashe, da abin da dangin miji suka ce, gulma ce aka sa mata rigar sujada, kuma ita ce ke sa masu ciwo su rufe ƙofa.

Dole zumunta ta fahimci abin da kemo ke yi wa jiki, domin da shi za ku tsara dubiya. Maganin yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa. Na cutar suna ciki, amma haka ma na gashi, da na fatar cikin baki da hanji, da na ɓargon da ke haifar da jini. A irin jinyar da ake yawan yi wa sankarar mama, ana ba da allurar ne duk bayan kwana 21. Kwana biyu zuwa huɗu na farko su ne na tashin zuciya da kasala. Daga kusan kwana na 7 zuwa na 14 fararen ƙwayoyin jini, sojojin da ke yaƙi da cuta, sukan faɗi ƙasa ƙwarai. A makon nan murar da ke za ki sha lemo ta wuce, ita tana iya kwantar da ita a asibiti. Mako na uku ne jiki kan ɗan farfaɗo, abinci ya shiga, hira ta yi daɗi. Ki tambayi maigidan ranar allurar da ta wuce da wadda ke zuwa, ki zana su a kalanda, ki tabbatar kuma da likitanta ko tsarinta ya bambanta da wannan. Mutum talatin a ɗaki ɗaya, suna waƙa da ƙarfi, taga a rufe, a cikin makon da garkuwar jikinta ta yi ƙasa, haɗari ne na gaske ko da zukatan kowa fari ne.

Saboda haka dubiya ta zama ta mutum biyu, in ta yi yawa uku, minti goma sha biyar zuwa ashirin. A kira kafin a taso, in aka ce yau ba hali, a amsa da "to, Allah ya ƙara sauƙi" ba tare da ɓacin rai ba. Mai tari, mai mura, mai gudawa, ko wadda ɗanta ke fama da ƙyanda ko ƙarambau, ta yi addu'arta daga gida. A wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa. Kada a fesa turare, kada a shigo da soyayyen abu mai ƙamshi, domin wari kaɗan yana tayar mata da amai. Kada kuma a bari ta tashi yin hidimar baƙi. Matanmu sukan rarrafa su ɗauko ruwa ko suna ganin jiri, don kunya. Wannan taƙaitawar tana da tushe a Littafi Mai Tsarki. A gidan Yayirus, cikin Markus 5, Yesu ya fitar da taron masu kuka waje, ya shiga da iyayen yarinyar da almajirai uku kawai, da ta tashi kuma ya ce a ba ta abinci.

In kun shiga, ku zauna. Tsayuwa a kan mutum yana kwance, ana ɗaga murya, tana sa shi ya ji kamar shari'a ake masa. Ki gaishe ta, ki ce "yaya jikin yau?", sannan ki yi shiru ki saurara, ko da amsar ta wuce "da sauƙi" ta zama kuka. Ki tambaye ta, "Me za mu roƙa miki yau?" Sau da yawa abin da za ta ce zai ba ki mamaki: barci, ko jarrabawar ɗanta, ko kada jijiya ta ɓuya ranar allura. A karanta Zabura ɗaya, ta 23 ko ta 121 ko wadda ta zaɓa. A rera baiti ɗaya na waƙar da take so, a hankali, in kanta ba ya ciwo. Mutum ɗaya ko biyu su yi addu'a, minti biyu-biyu, da sunanta, da abin da ta roƙa. Shi ke nan. Matiyu 6:7 ya riga ya gaya mana yawan magana ba shi ke sa a ji mu ba. In ta yi barci ana cikin addu'ar, ku gode wa Allah ku fita a hankali.

Ɗora hannu da shafa mai suna da ƙa'ida. A nemi izininta tukuna. Hannu ya sauka a hankali a kan kafaɗar da ba a yi aiki ba, ko a riƙe tafin hannunta. Kada a danna kanta, kada a girgiza ta, kada a ja ko a matse hannun ɓangaren da aka yi aiki, domin in an cire kaluluwar hammata, hannun nan yana saurin kumbura. In fasto da dattawa za su shafa mai, ɗigo ɗaya a goshi ya isa. Mai ba ya zuwa kan ɗinki, ko gyambo, ko wurin da allurar ƙarin ruwa take, kuma ba a ɗura mata man zaitun ta sha. Ciki mai tashi ba ya ɗaukarsa.

To, sauran matan fa, ina za su kai ƙaunarsu? Majami'a. Can ne wurin ganga da shantu da ɗaga murya, can za ku yi awa uku in kuna so. Ku raba kanku rukuni shida na mutum biyar-biyar, kowane rukuni da ranarsa daga Litinin zuwa Asabar, Lahadi kuma ta kowa. Ku tsayar da lokaci ɗaya, a ce ƙarfe biyar na asuba ko tara na dare, minti goma, kowacce a ɗakinta. Ku gaya mata lokacin. Wannan shi ne abin da masu doguwar jinya suka fi riƙewa: mutum ya farka cikin dare da zafi, ya dubi agogo, ya san a daidai wannan lokaci mata biyar suna kiran sunansa a gaban Allah. Ranar kemo a tura mata saƙo ɗaya da safe a madadin kowa, maimakon kira ashirin.

Roƙon kuma ya zama mai suna. Kafin kowace allura ana gwada jini, in bai kai ba a ɗage. Ku roƙa ya kai. Ku roƙi abinci ya zauna, gyambon baki ya warke, kuɗin zagaye na gaba ya samu a kan lokaci, likitoci da nas-nas su sami hikima, maigida ya sami haƙuri, yara su daina firgita. Ku roƙi warkarwa kai tsaye, ba tare da jin kunya ba. Abin da aka amsa kuma a dawo a faɗa wa zumunta, don godiya tana hana masu addu'a gajiya.

Yanzu batun mamar da ta ce a bar asibiti. A nan ba za mu sassauta harshe ba: wannan shawara tana iya kashe ƙawarki. An ƙididdige tazarar allurar ne yadda jiki zai farfaɗo amma cutar ba za ta sami sararin sake yaɗuwa ba. In aka tsallake zagaye biyu ko uku, ragowar ƙwayoyin cutar suna iya tafiya ƙashi, ko hanta, ko huhu, kuma cutar da ake fatan kawar da ita gaba ɗaya sai ta koma wadda lallaɓa ta kawai ake yi. Azumin kwana bakwai ga jikin da ke ramewa, yake amai, yake buƙatar ruwa don ƙoda ta wanke magani, ƙarin ciwo ne. In ana son azumi, masu lafiya su yi mata, daga shida na safe zuwa sha biyu ko zuwa shida na yamma, ban da mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon suga. Ita kuwa ta ci. Haka nan jiƙe-jiƙe da garin magani da za a riƙa kawowa "a gwada": kada ta sha ko ɗaya sai likitanta ya gani, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda a lokacin da suke cikin aiki mai nauyi.

Kada ki yi gardama da mamar a gaban jama'a, babba ce. Ki ɗauki shugabar zumunta ko matar fasto ku same ta a gida, ku buɗe Littafi tare. A Ishaya 38, annabin da ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15 shi ne kuma ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4:14. Basamariyen kirki ya ɗaure raunuka, ya biya kuɗin jinya. Su kansu masu bisharar da suka kafa ikkilisiyoyinmu da asibiti suka zo: Jankwano a Jos, Vom, Garkida, da Galmi a Nijar duk shaida ne. In ta ƙi ji, fasto ya sani, kuma kada a sa ta cikin masu shiga ɗakin.

Mai neman zunubi ko hannun maƙiya kuma, a karanta mata Yohanna 9:1-3. Almajirai sun yi irin tambayarta a kan mutumin da aka haifa makaho, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Abokan Ayuba sun kyauta kwana bakwai da suka zauna a ƙasa tare da shi ba su ce uffan ba; da suka buɗe baki suna neman laifinsa, Allah ya yi fushi da su. In ƙawarki tana da abin da ke damun lamirinta, ita za ta nemi fasto a keɓe. Maganar maita kuwa ku kashe ta tun tana ƙarama. Da an fara, wata tsohuwa ko wata kishiyar sauri za a nuna, gida ya rabu biyu a lokacin da mai ciwo ta fi buƙatar kowa.

Ki tuna mutum huɗun nan na Markus 2 da suka ɗauko shanyayye a Kafarnahum. Nassin ya ce Yesu ya ga bangaskiyarsu, kuma abin da ya gani shi ne ɗaukar gado da fasa rufin ɗaki. Naku ɗaukar gadon ga shi. Jini: kemo yakan rage shi, wani lokaci sai an yi ƙari. Tun yanzu ku rubuta sunayen mutum biyar ko shida daga zumuntar maza da matasa, masu lafiya, 'yan shekara 18 zuwa 65, masu nauyin kilo 50 ko fiye, waɗanda za su je da an kira. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Neman mai ba da jini da tsakar dare shi ne abin da ke gigita iyali. Abinci: ku yi jeri, gida ɗaya kowace rana, abinci kaɗan mai zafi da aka dafa sosai, kamar kunun gyaɗa, faten wake, ƙwai dafaffe, romon kaza marar yaji. A makon da garkuwarta ke ƙasa a guji nonon talla da ba a tafasa ba, da ɗanyen ganye, da 'ya'yan itacen da aka yanka a bakin hanya. Ku tuna da tukunyar yara ma. Mota da rakiya ranar asibiti, wanki, ɗibar ruwa, kai yara makaranta, kowanne a rubuta sunan mai yi. Kada ku ce "in kina buƙatar wani abu ki faɗa". Ba za ta faɗa ba. Ku ce, "Ranar Talata zan zo in kwashi wanki."

Kuɗi yana ɓata zumunta in ba a tsare shi ba. Maigida ya karɓo ƙiyasin kuɗin zagaye ɗaya daga asibiti, ku ninka shi da huɗun da suka rage, ku ƙara na gwaji da mota. Mutum biyu su riƙe baikon, a rubuta shiga da fita, a ajiye rasit, kada kuma a karanta sunan wanda ya ba da nawa a gaban ikkilisiya. Ku raba kuɗin bisa zagaye. Kuskuren da aka saba shi ne a tara da yawa a makon farko, a kashe, a zo allura ta biyar ba ko sisi. Asibitocin koyarwa suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya. Maigida ya je ya tambayi tallafin da ake da shi.

Shi ma maigidan, da duk wadda ke kwana da ita, suna buƙatar masu riƙe musu hannu kamar yadda Haruna da Hur suka riƙe na Musa. Maza biyu su riƙa zama da shi. Wata ta karɓi kwanan jinya sau ɗaya a mako don mai jinya ta yi barci. In a dangin akwai Musulmi, kamar yadda yake a gidaje da yawa a wajenku, ku gaishe su, ku gode wa addu'arsu, ku ba su wuri in lokacin salla ya yi. A asibiti kuma ku kiyaye lokacin dubiya, ku ja labule, ku rage murya. Gadon da ke kusa ma akwai mai ciwo a kai.

Ku sayi ma'aunin zafin jiki ku ajiye a ɗakin, duk mai zuwa dubiya kuma ta san wannan: in zafin jikinta ya kai 38, ko tana rawar sanyi, ko numfashi ya yi wuya, ko jini yana fita, ko amai ya hana ruwa zama yini guda, ko ta fara ruɗewa, asibiti za a nufa nan take, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada a ba ta farasitamol kafin a auna, yana ɓoye zazzaɓin. Kada a ce maleriya ce a sayo magani a kemis. Kada a jira fasto ya iso. A yi addu'ar a cikin mota.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma mun san yana ranki. Mata da yawa sun gama wannan jinya sun koma cikin 'yan'uwansu suna waƙa, muna kuma roƙon ƙawarki ta zama ɗaya daga cikinsu. Duk da haka kada kowa ya ce mata "Allah ya nuna mini kin warke" ko ya sa mata rana. In jiki ya ƙi, nauyin maganar a kanta zai faɗo, ta ɗauka bangaskiyarta ce ta gaza. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, aka ba shi alheri a maimakon haka. Shi ne kuma ya bar Tarofimas da ciwo a Militas. Ran da ta ce tana tsoro, ko ta ce ta yi fushi da Allah, kada ki rufe mata baki da "kul, kada ki faɗi haka". Buɗe mata Zabura 13 ku karanta tare. In ta so ta yi maganar yaranta ko abin da za ta bari, ki saurara. In zafi ya yi tsanani, a gaya wa likita ya ba da maganin da ya fi ƙarfi. Shan sa ba ya rage wa kowa bangaskiya. Ku roƙi fasto ya riƙa kai mata Jibin Ubangiji gida, da ƙoƙonta ita kaɗai, domin rashin zama a teburin nan tare da 'yan'uwa yana cin ran mai doguwar jinya fiye da yadda take faɗa.

Allura huɗu suka rage mata, wato kusan wata uku, bayansu kuma watakila akwai wani matakin jinyar da likitoci za su tsara. A wata na biyu ne ƙafafun masu dubiya kan ɗauke, daidai lokacin da gajiyar magani ta taru a jikinta. Saboda haka a taronku na wannan mako ki je da kalanda da biro, ki rubuta ranakun allurar huɗu, a gaban kowacce a sa sunan mai rakiya, da mai abinci, da rukunin da ke addu'a. Kwafi ɗaya a manna a majami'a ba tare da sunan cutar ba, ɗaya ki kai mata ran da ta ce ki zo. Allah ya ba ta lafiya, ya kuma ƙarfafa ku.